Darasin malamin gona: ƙaƙa hatsi ke gadon uwa da uba



Akwai wata ƙara da ake kawo mini kusan kowace kaka. Mutum ya sayi sabon irin hatsi ga gidan gona, ya shuka. Shekarar fari ya ji daɗi: hatsin ya fidda kai tare, ya nuna tare, tsawonsa ɗaya kamar an auna da igiya. Ya ɗebi iri cikin abin da ya girba. Shekara ta biyu akwai ɗan bambanci, amma bai damu ba. Shekara ta uku ko ta huɗu sai ya tsaya bakin gona yana kallo: wanga dogo, wancan gajere, wani ya nuna tun tuni, wani ko bununi bai yi ba, ga shibra ko'ina. Sai ya ce an cuce shi, ko ya ce irin zamani ba shi da albarka.

Mai wannan ƙara bai yi ƙarya ba, hatsin ya canza da gaske. Amma dalilin canzawar yana cikin halittar hatsi kansa. In kun gane shi za ku san lokacin da ya kamata a sake iri, ku san inda za a ɗebi iri cikin gona, kuma ku san abin da masu bincike ke yi a Tarna da Sadore. Ku karanta sannu. Inda ya yi wuya ku maimaita tare da abokan karatunku.

Namiji da mace ga tsiro

Kowa ya san akwai gwanda namiji, mai fure ba ƴaƴa. Giginya ma haka take, da goruba, da dabino. Masu dabino na Ayar da Kawar suna hawa bishiya su ɗauko furen namiji su sa cikin furen mace da hannunsu, don sun san in ba a yi haka ba ƴaƴan ba su yin kirki. Ga masara, namiji da mace suna jikin kara guda: namijin yana can bisa ƙololuwa, macen ita ce gemun da ke fitowa bakin goyo.

To, hatsi fa? Ga hatsi, namiji da mace suna bisa zangarniya guda, cikin ƙananan furanni masu yawan gaske. Sai dai ba su fitowa lokaci ɗaya. Bana in hatsi ya fidda kai, ku zaɓi zangarniya guda, ku ɗaura mata tsumma ga kara, ku riƙa duba ta kowace safiya. Da farko za ku ga wani farin gashi mai laushi ya fito, yana farawa daga wajen tsini yana sauka ƙasa. Wannan shi ne macen. Bayan kwana biyu ko uku sai bununi ya fito, mai zubar da gari in an girgiza shi. Wannan garin shi ne namijin.

Ga abin lura nan. Lokacin da farin gashin ke jiran namiji, bununin zangarniyarsa bai fito ba tukuna. Ke nan garin da zai sauka kansa daga wata zangarniya zai zo, iska ce ke ɗauko shi. Kowace tsaba ɗaya tana bukatar ƙwayar gari ɗaya. Zangarniya mai tsaba dubu biyu tana da uwa guda, amma ubanni barkatai. Masu bincike sun auna, sun ga cikin tsaba 10 na hatsi, wajen 8 ko fiye ubansu daga wani kara yake.

Yawancin garin daga maƙwabtan kusa yake zuwa, wato hatsin da ke cikin gonar. Amma hatsin da ke bakin iyaka yana shan garin gonar maƙwabci, musamman gefen da iska ke busowa. Shi gari bai san iyakar gona ba.

Wake ba haka yake ba. Furen wake yana rufe, namiji da mace suna ciki tare, aurensu yana ɗauruwa tun furen bai buɗe ba. Sai jefi-jefi zuma ko wani ƙwaro ya kawo garin waje. Gujiya ma haka. Shi ya sa in kun samu irin wake kamar TN5-78, kuna iya riƙe shi shekaru da yawa yana nan yadda yake, muddin ba ku garwaya shi da wani ba wajen sussuka ko cikin buhu. Dawa tana tsakani, amma ta fi kusa da wake: galibi kanta take aure. Albasa kuwa irin hatsi ce wajen wannan hali, sai dai ƙudaje da zuma ke yi mata aikin iska. Masu fidda irin albasar Galmi sun san abin da ke faruwa in wata farar albasa ta yi fure kusa da tasu.

Gadon da ke ɓoye

Za ku ce: in gari baƙo ya shiga tun shekarar fari, don mi ba mu gani ba sai daga baya?

Tsawon zangarniya da kaurinta da lokacin nunarta, duk na uwa ne, ita ce ke tsaye cikin gona. Abin da uba ya kawo yana kwance cikin ɗan idon tsaba, ba ya bayyana sai an shuka tsabar ta tsiro. Kuna iya girbar zangarniya kyakkyawa alhali wasu ƴaƴanta rabinsu baƙi ne.

Sa'an nan kuma akwai hali mai rinjaye da hali mai ɓoyewa. Wanda ya fara gane wannan da lissafi wani malamin coci ne, Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu. Ya yi shekaru yana aiki cikin ɗan lambu da wani irin wake na ƙasarsu, ya bayyana abin da ya gani a shekarar 1865. Ya aurar da dogon wake da gajere. Ƴaƴan duka suka fito dogaye, ko gajere ɗaya babu. Ya bar ƴaƴan nan suka auri kansu, ya shuka jikokin, ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya: dogaye 787, gajeru 277. Wato kusan uku dogaye, ɗaya gajere. Gajartar da aka yi zaton ta ɓace ta dawo ga jika.

Ga fassarar abin. Kowane tsiro yana riƙe da ƙwayar gado biyu ga kowane hali, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƴaƴan fari sun samu ƙwayar tsawo ɗaya da ta gajarta ɗaya. Tsawo ya rinjayi gajarta, ta kwanta, amma ba ta mutu ba. Da za su haihu, kowane yana ba da ɗaya cikin biyun nan. Ku ɗauki tsakuwa fara biyu da baƙa biyu ku gwada a ƙasa, fara ita ce tsawo, baƙa gajarta. Haɗuwa huɗu ce ke yiwuwa: fara da fara, fara da baƙa, baƙa da fara, baƙa da baƙa. Ukun farko akwai fara ciki, dogaye ke nan. Na huɗu kaɗai ne gajere. Makiyaya sun san wannan tun ba a rubuta shi ba: farar tunkiya da farin rago suna iya haifar baƙin ɗa, a ce ya ɗauko kaka.

Mutanen zamaninsa ba su kula da aikin Mendel ba. Sai 1900, bayan rasuwarsa, aka tono shi. Daga baya aka gane inda ƙwayoyin gadon nan suke. Jikin tsiro an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin da ake kira mikroskop. Cikin kowane ɗaki akwai wasu zarurruka, kromozom, ƙwayoyin gado suna jere bisansu kamar tasbaha. Hatsi yana da zare 14, bakwai na uwa, bakwai na uba. Dawa tana da 20, wake 22, mutum 46. A shekarar 2017 masu bincike na ƙasashe da yawa suka gama karanta zarurrukan hatsi, suka samu ƙwayoyin gado wajen dubu 38.

Kada ku yi zaton kowane hali ƙwaya guda ke riƙe da shi kamar tsawon waken Mendel. Yawan amfani, da jimirin fari, da tsawon zangarniya, ƙwayoyi da yawa ne ke haɗuwa su yi su, kowace da ɗan rabonta, ƙasa da ruwa kuma su sa nasu hannu. Shi ya sa in gajeren iri ya auri Zongo, ƴaƴan ba su fitowa uku da ɗaya. Suna fitowa tsaka-tsaki, jikoki kuma su watsu, daga gajere har dogo. Wannan ita ce gonar mai ƙarar nan a shekara ta uku.

Sharaɗin aure guda ne: sai bununin wanga ya gamu da farin gashin wancan. Maiwa ba ta cika gauraya da hatsi mai sauri ba, don ita tana jira sai yini ya fara raguwa kafin ta fidda kai, lokacin hatsi ya riga ya wuce. Amma tsakanin iri mai kwana 85 da mai kwana 100 akwai gamuwa, don ƴaƴan gindi na mai saurin suna fidda kai baya ga uwar kara.

Shibra

Hatsi yana da ɗan uwa na daji. Yana nan har yau can arewa, cikin ƙasar makiyaya da ƙoramun Ayar: ƙananan kai, gashi da yawa, tsaba ƙanana masu zubewa da kansu in sun nuna. Daga gare shi mutanen da suka fidda hatsin gida, ta hanyar zaɓen wanda tsabarsa ba ta zubewa. Masu tonon tarihi sun samu alamar hatsin gida a kwarin Tilemsi, ƙasar Mali, mai shekara wajen 4,500.

Hatsin gida da na daji suna aure har yanzu. Shibra tana ɗauke da jinin na dajin, shi ya sa take kakkaɓe tsabarta ƙasa kafin a girbe ta. Tana ƙarama ba a bambanta ta da hatsi, wajen ragewa sai mutum ya cire hatsi ya bar ta. Ta girma, ta riga kowa bununi, garinta ya sauka bisa hatsin kirki.

Na san abin da za ku ce, kuma ina tare da ku: shekarar da rumbu ya ƙare tun watan Yuli, shibra ce ke fara shiga turmi. Ban ce a raina ta ba. Abin da na ce shi ne, wurin da za ku ɗebi iri kada a bar shibra ko ɗaya ta yi bununi. Wanda kuma ya shuka tsabar kasuwa, wadda aka sussuke komi da komi tare, shi ya kawo shibra gonarsa da kuɗinsa.

Aikin masu bincike

Bayan babban farin 1973, gwamnati ta kafa INRAN a shekarar 1975, ma'aikatar binciken noma ta ƙasar Nijar. Kafin nan ma'aikatar Faransa mai suna IRAT ke riƙe da wannan aiki. Tashar Tarna, kusa da Maraɗi, tana cikin manyan wuraren aikin hatsi da wake. Akwai kuma ICRISAT, ma'aikatar ƙasa da ƙasa da aka kafa a Indiya a 1972, wadda ke da tasha a Sadore, wajen kilometir 45 kudu da Yamai.

In kun bi ta gefen gonar bincike lokacin bununi za ku ga zangarku sanye da jakunkunan takarda kamar an yi musu hula. Yara suna cewa maganin tsuntsu ne. Ga abin da ake yi. Mai bincike yana rufe zangarniyar da ya zaɓa ta zama uwa tun farin gashi bai fito ba, don kada iska ta kawo mata miji. Ya rufe wadda za ta zama uba, garinta ya taru cikin jaka. Da hantsi ya girgiza jakar uban, ya kai ta bisa uwar, ya sake rufewa, ya rubuta sunan uwa da na uba da kwanan wata. Aikin da iska ke yi da ka, shi yana yin sa da zaɓe, da rubutu.

Daga nan sai shuka, da kallo, da zubarwa. Cikin ɗaruruwan iyalai, kaɗan ke tsira. Ana shuka su inda kuturtar hatsi ta yi yawa da gangan, wanda ya kamu a fidda shi. Ana gwada su ga ƙasa mai ƙuduji, wanda wasu ke kira gaugai. Ana auna kwanakin fidda kai, da tsawon zangarniya, da nauyin tsaba dubu. Ba a yarda da fage guda: kowane iri ana shuka shi fage huɗu ko fiye, warwatse cikin gona, don kada wanda ya faɗa tsohon masaukin shanu ko gindin gawo ya ci gasa da ƙarfin taki. Kullum kuma akwai irin gargajiya gefe, ana ce da shi shaida. Sabon iri sai ya fi shaida, wuri daban-daban, damana daban-daban, sa'an nan a kai shi gonakin manoma. Kafin iri guda ya fito da suna, shekara takwas ko goma ba abin mamaki ba ne.

Ku dubi sunayen da kuka sani. HKP daga Haini Kire aka fidda shi, hatsin ƙasar Zabarmawa, sunan yana nufin jan hatsi. Harafin P na ƙarshe yana nufin mai saurin nuna. CIVT a Tarna aka haɗa shi, an tara irin gargajiya da dama an bar su sun auri juna, aka yi zaɓe cikin zuriyarsu. Zatib akwai jinin Zanfarwa cikinsa. SOSAT daga hatsin ƙasar Mali ya fito, da hannun ICRISAT. Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018, yana nuna cikin kwana 65 zuwa 70, kuma tsabarsa ta fi ta sauran yawan sinadarin ƙarfe, abin da jini ke bukata, musamman ga mata masu ciki da yara. Babu ɗayansu da aka ƙera cikin kwalba. Duka daga rumbun manoma suka fito, na nan ko na wata ƙasa.

Kuma ko wanne yana da aibinsa. Mai gajeren kai yana da wuyar ɗaurin dami, mutanen Maraɗi da suka saba da Zongo ba su son haka. Mai saurin nuna, in shi kaɗai ne cikin karkara, tsuntsayen gari duka kansa za su sauka, murzuna ma tana iya samunsa daidai lokacinta. Shekarar da ruwa ya kai ƙarshen Satumba, dogon iri yana iya fin mai sauri. Wanda ya ce muku akwai irin da ya fi kowane ko'ina, kowace shekara, bai yi noma ba.

Ibrid

Akwai wani nau'in iri da ya kamata ku sani, don yana cikin kasuwa. In an tilasta wa hatsi ya auri kansa shekara bayan shekara, zuriyar tana zama iri ɗaya sak, amma tana ramewa: kara siriri, kai ƙarami. In kuma aka aurar da irin waɗannan ramammun gida biyu da ba su da dangantaka, ƴaƴan fari suna fitowa da ƙarfin mamaki, sun fi uwa sun fi uba. Su ne ake kira ibrid. Masu lambu suna ganin alamar F1 bisa takardar irin tumatir ko shu. Ma'anarta ke nan: ƴaƴan fari.

Ku tuna jikokin Mendel. In kun ɗebi iri daga ibrid kuka shuka, jikokin za su watsu, ƙarfin ya ragu. Ibrid kowace shekara sai an sayi sabo. Mai saye ya san haka kafin ya ba da kuɗinsa. HKP, CIVT, Zatib, SOSAT da Chakti ba ibrid ba ne, ana iya ɗibar irinsu.

Indiya ta fidda ibrid na hatsi na farko a 1965. Amfani ya ƙaru ƙwarai, manoma suka rungume shi. Amma ibrid ɗin farko duka uwarsu guda ce. Cikin shekarun 1970 kuturtar hatsi ta samu hanyarsu, da yake kowane kara kamar ɗan uwansa yake, ta bi gona bayan gona. Sai da aka koma neman jini mai jure cutar, aka samu da yawa cikin hatsin Afirka ta Yamma. Gonarmu ta gargajiya, da ba kara biyu masu gado ɗaya cikinta, cuta ba ta cika share ta gaba ɗaya ba.

Abin da aka gano cikin rumbunanku

Wannan labari ina son ku riƙe shi, don ku ne kuka yi aikin.

A shekarar 1976 masu bincike suka zagaya ƙauyukan Nijar suna karɓar ɗan irin hatsi ga manoma, suka ajiye cikin ɗakin sanyi. A 2003 aka koma ƙauyukan nan, guda 79, aka sake karɓa. Tsakanin shekarun biyu an sha farin 1984, damana ta gajarta wurare da yawa. Sai aka shuka na 1976 da na 2003 gefe da gefe, gona guda, rana guda. An buga sakamakon a 2011.

Sunayen irin galibi ba su canza ba, kuma yawan bambancin gado bai ragu ba. Amma hatsin 2003 ya riga na 1976 fidda kai, karansa da zangarniyarsa sun ɗan rage tsawo. Da aka duba cikin zarurruka, aka samu wata ƙwayar gado mai suna PHYC, wadda ke taimakon tsiro ya ji hasken rana. Nau'inta mai sa saurin fure ya kusa ninkawa cikin shekara 27.

Ba wanda ya zauna ya shirya wannan. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, karan da ya yi jinkiri bai yi tsaba ba, wanda ya yi sauri shi ya cika, shi mai gona ya zaɓa ya ɗaure don iri. Shekara bisa shekara, hatsin ya bi damana. Abin ya yiwu ne don akwai bambanci cikin irin tun farko, akwai abin zaɓe. Saboda haka ni ban taɓa ce wa manomi ya zubar da irin ubansa ba, Zongo ne, ko Gergera, ko Ankutes, ko Ba'angure. Ya ƙara sabo gefe, ya raba ƙafa. ICRISAT kanta tana ajiye da irin hatsi fiye da dubu 20 daga ƙasashe daban-daban, saboda ba a san wanda za a nema gobe ba.

Zaɓen iri

Yanzu ga aikinku. Iri cikin gona ake zaɓensa, hatsi yana tsaye, kafin girbi. In kun bari sai bakin rumbu, zangarniya kaɗai za ku gani. Ba ku san ko karanta ya faɗi ba, ko ƴan uwanta na gindi guda sun yi kuturta, ko ita kaɗai ce bisa juji.

Ku shiga tsakiyar gona, ku bar taki 20 ko 30 daga kowace iyaka. Masu gonar iri na sana'a suna nisanta da sauran hatsi da ɗaruruwan metir. Ku ba ku da wannan fili, tsakiyar gona ita ce nisanku. Tun hatsi yana fidda kai ku bi wurin ku tuge shibra, da mai kuturta, da duk wanda bai yi kama da irin ba. In kun jira bayan bununi, aikin ya zama na banza, gari ya riga ya tashi. Lokacin nuna ku zaɓi zangarniya cikakka har tsini, mai tsaba matse, ba burtuntuna, ba sawun murzuna, bisa kara mai tsaye. Kada ku bi mafi girma kawai, sau da yawa taki ne ya yi ta, kuma taki ba a gadonsa.

Kada ku ɗebi kaɗan. Na ga wanda ya zaɓi zangarniya goma mafi kyau ya ce su ne irinsa. Zuriyar uwa goma dangi ne na kusa, za su yi ta auren juna, ramar nan da muka faɗa ta biyo baya. Ku tara 200 ko fiye, daga gindi daban-daban. Ku shanya su sosai, ku ɗaure dabam, ku ajiye inda ba laima, kuma kowa cikin gida ya san damin nan ba na tuwo ba ne.

Irin hatsi na gidan gona, ko da kun kula, ku sake shi bayan shekara uku. In mutanen gefe guda na gari suka yi shawara suka shuka iri ɗaya, zai fi daɗewa, tsuntsu ma ya rarrabu.

Kafin shuka ku gwada. Ku ƙidaya tsaba 100, ku jera bisa tsumma mai laima, ku naɗe, ku ajiye cikin inuwa kuna yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ku ƙidaya waɗanda suka tsiro. In sun kai 80, iri ne. In ba su kai 60 ba, ku nemi wani tun ruwa bai sauka ba. Irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba kaji.

Ku gwada da kanku

In an kawo muku sabon iri, kada ku yarda da bakin kowa, har nawa. Ku yi yadda ake yi a Tarna. Ku auna fage biyu gefe da gefe inda ƙasa take ɗaya, kowane metir 10 tsawo, metir 10 faɗi. In kun bar metir guda tsakanin gurbi da gurbi, kowane fage gurbi 100 ne. Ɗaya sabon iri, ɗaya naku, shi ne shaida. Ku shuka rana guda, ku rage ku bar uku ga gurbi, noma da maimai rana guda. In za ku sa takin zamani, ku sa wa duka biyu daidai: giram 6 na 15-15-15 ga kowane gurbi, wato kilo 60 ga ekta. In akwai hali ku maimaita fagen biyu a wani gefen gonar, ku sauya musu wuri, na dama ya koma hagu.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, nan karatunku zai yi aiki. Ku samu kaye ku rubuta ranar shuka, ranakun ruwa, ranar da rabin fage ya fidda kai, ranar girbi. Kada ku ƙidaya da dami, don dogon kai yana cika ido, gajere mai matsattsiyar tsaba yana cika tiya. Ku sussuke kowane dabam ku auna. Fagen nan kashi ɗaya ne cikin 100 na ekta: in ya ba da kilo 6, ekta kilo 600 ke nan. Ku auna kara ma, dabbobi suna da hakki ciki. Sa'an nan ku ba mata tiya guda na kowane, su surfa, su daka, su yi fura da tuwo, ku rubuta abin da suka ce game da taurin tsaba, da yawan dusa, da yadda tuwon ya kwana.

Damana guda ba ta isa hukunci, ku yi biyu ko uku. Waɗanda gonar iri za ku ɗiba ku nisanta ta da fagen gwajin, don iri biyun da ke gefe da gefe sun riga sun auri juna, tsabarsu ta ci ce. Ranar awo ku kira malamin gona na yankinku ya zo da sikeli, ku nuna masa kayenku.